Tsanin Clifford da Ƙwai Tara

Shekara arba'in da huɗu Clifford Holroyd ya yi yana wanke tagogin mutanen Otley, bai taɓa faɗowa daga tsani ba. Ya hau cikin ruwan sama, ya hau cikin sanyin da ke daskarar da ruwan bokiti, ya hau ranar da aka haifi 'yarsa Lorraine, don ya riga ya yi wa masu gidan burodi alkawarin zuwa. Rabin garin ta tagar bene ya san shi. Ya san gidan da ba a gyara gado, ya san wanda matarsa ta kwashe kayanta tun maƙwabta ba su farga ba, kuma bai taɓa kai maganar wani gaba ba. Sai da ya ajiye aiki da shekara goma sha ɗaya, yana da saba'in da tara a duniya, sannan ya faɗo. Daga mataki na uku, a bayan gidansa, da butar tafasasshen ruwa a hannu.

Butar ta akwatin tsuntsaye ce. Akwatin yana jikin bangon baya, sama da tagar kicin, yana kallon arewa maso gabas don kada rana ta dafa abin da ke ciki. Da hannunsa ya haɗa shi da ragowar katakon wani tsohon gado, ya huda masa ƙofa daidai shigar 'yan shuɗiyar hula. Haka yake kiran tsuntsayen nan 'yan mitsi-mitsi masu rawayan ƙirji da shuɗin kai. Murfin kuwa da robar tayar keke ya ɗaure shi ta baya. Kowane Afrilu sai ya jira uwar ta fita kiwo, ya hau, ya ɗaga murfi, ya ƙirga ƙwai, ya rufe kafin ya ja numfashi goma, ya sauko ya rubuta shekara da adadi da fensir a bayan ƙofar ɗakin ajiya. Layi talatin da takwas ke jikin ƙofar, babu giɓi. Har shekarar da matarsa Jean ta rasu akwai layinta. Kowane Oktoba kuma, bayan tsuntsaye sun watse, sai ya kwashe tsohuwar sheƙa, ya kwarara wa cikin akwatin ruwan zafi saboda ƙuma. Kowa sauko da akwatinsa yake yi ya wanke a ƙasa. Clifford da buta yake hawa, don a ganinsa sauko da akwati aikin waɗanda ba su iya tsani ba ne.

Jikarsa Bryony ce ta tsince shi. Watanta uku ke nan da gama digiri a fannin lissafi, aiki bai samu ba, ta tare a ɗakin bene na gidan kakan don a ce akwai mai ido a kansa. Ranar tana ɗakin, ta toshe kunnuwa da abin jin kiɗa tana cike takardar neman aiki ta ashirin da wani abu. Minti arba'in ya yi kwance a kan duwatsun tsakar gida yana kiran sunanta. Da ta sauko shan ruwa sai ta hango ƙafarsa ta tagar kicin, takalmi ɗaya a cire. Wuyan hannunsa ya karye, ruwan ya saɓule masa fatar ƙwauri, leɓɓansa sun yi fari. Ta durƙusa kusa da shi, ta kira motar asibiti.

"Kin sauko ke nan, Malama," ya ce. "Kashe min murhu, na bar shi a kunne."

Har yau, idan ƙarfe ya bugi dutse, ko da cokali ne ya faɗi, sai Bryony ta zabura ta leƙa tagar kicin.

Lorraine ba ta yi faɗa a asibiti ba. Sai da aka sallamo shi, ta zo daga kantin maganin da take aiki, rigar aikin na jikinta, ta ɗaure tsanin a jikin bututun ruwa da sarƙar keke, ta datse kwaɗo, ta jefa makullin a jaka. Sannan ta ajiye takarda a kan tebur. Ta sa sunansa a jerin masu jiran ɗaki a gidan tsofaffin da ke bayan tashar mota. Hawa na biyu, babu lambu.

"Mataki ɗaya, Baba. Ka ɗora ƙafarka a mataki ɗaya, in buga musu waya. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a ce in zo in ɗauki gawarka a ƙarƙashin akwatin tsuntsu ba."

Ta so ta tafi da tsanin gaba ɗaya. Ya dube ta kawai, ya dubi sunansa da ya rubuta da jan fenti a gefen ƙarfen tun tana 'yar firamare, sai ta kasa.

"Ke kuma," ta juya ga 'yarta, "idonki a kansa. Abin da kika gani, ki gaya min."

Shawarar kyamara Bryony ce ta kawo, kuma da ta san abin da zai biyo baya da ta haɗiye abarta. Tunanin mai sauƙi ne: idan yana ganin ƙwan daga kujerarsa, me zai kai shi sama? Sai dai kyamarar akwatin tsuntsu ba iri ɗaya ba ce, ba iri goma ba ce. Akwai mai waya, akwai mara waya. Akwai mai gani cikin duhu, akwai mai ɗaukar sauti, akwai mai aiki da hasken rana, akwai wadda ke zuwa da akwatinta na jan katako har da 'yar taga a gefe. Kowacce mutum ɗari sun rubuta cewa babu kamarta, wasu talatin sun rubuta cewa ruwan farko ya kashe ta. Bryony ta karanta su duka. Ta ja layuka a takarda, ta ba kowacce maki, ta goge, ta sake. Sati uku tana wannan, don ta ƙudurta a ranta cewa a kan tsohon nan ba za ta sake yin kuskure ba.

Clifford ya ce ba ruwansa. "Sayi wadda kika ga dama, ni ba kallo zan yi ba." Amma duk wadda ta nuna masa sai ya sami abin faɗa.

"Wannan da akwatinta take zuwa, Kaka."

"Otal ne wannan. Har da taga. Sai su ɗauke ni aikin wankewa."

"Wannan a wayar hannu ake kallo."

"Tsuntsuwar da ba ta kai babban yatsana ba, ki ƙara matse ta a cikin waya."

"To ga mara waya. Ba sai an huda ko'ina ba."

"Bangon nan dutse ne, Malama, kaurinsa kamu guda. Muryata ma ba ta ratsa shi ba."

Bai faɗa da nufin komai ba, idonsa na kan jarida. Ita ce ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe tana wanke kofin da yake a wanke.

Abu ɗaya ya yarda ya gaya mata: tsakiyar Fabrairu tsuntsayen suke fara leƙen gida, wanda ya wuce nan sai baɗi. Ranar goma ga wata ta runtse ido ta zaɓi mai waya, ƙarama kamar gidan ashana. A cikin murfi ake ɗaure ta tana kallon ƙasa, wayar ta bi bango ta shiga talabijin ɗin falo, da wani ɗan akwati a ƙarƙashinsa mai adana hoto duk lokacin da abu ya motsa. Idon kyamarar kuwa da hannu ake murza shi har hoto ya fito.

Lorraine ce ta buɗe kwaɗo ranar Lahadi ta hau ta sauko da akwatin, don Bryony ko kujera ta taka sai jiri ya kwashe ta. A teburin kicin aka yi aikin. Bryony ta yagi jarida, ta shimfiɗa guntun a ƙasan akwatin, ta rufe murfi, ta ruga falo ta duba, ta dawo ta murza, ta koma. Minti ashirin tana kai da kawo, har sai da ƙananan haruffan hasashen yanayi suka fito tangaran a talabijin. Clifford na zaune yana kallon guntun jaridar nan da ke kwance a kan katako.

"Malama."

"Kaka, don Allah. Ka ce ba ruwanka."

"Na ce."

"To bar ni in gama abu ɗaya a rayuwata ba tare da an gyara min ba."

Ya tsoma biskit a shayi.

Watan Maris ya yi daɗi, wannan kam ba a musu. Tsuntsuwar ta fara shigowa tana leƙe-leƙe, tana caccakar bango, tana kifa ƙirji a ƙasa tana karkaɗa fukafukai kamar mai gwajin katifa. Kowane gashi na jikinta ana iya ƙirga shi. Mutumin da ya ce ba zai kalla ba ya ja kujerarsa har gwiwarsa na taɓa talabijin. Shekara talatin da takwas yana ganinsu numfashi goma-goma, yau ga ta nan yini guda. "Kalli 'yar banza," in ji shi, "awon ɗaki take yi." Bryony ta fara cin abinci da kyau. Har ta daina duba kwaɗon kowace safiya.

Sai tsuntsuwar ta fara kawo gansakuka. Ranar farko 'yan zarurruka ne a kusurwa. Kwana uku ƙasan akwatin ya rufe. Kwana biyar Bryony ta ɗauko tsumma ta goge fuskar talabijin, don ta ga hoton ya yi dishi-dishi. Bai gyaru ba. Ta cire waya ta mayar. Ta koma ta karanta abin da mutum talatin ɗin nan suka rubuta. Tsuntsuwa kuwa ba ta fasa ba, tana ta jibga kore a kan kore. Clifford ma bai taimaka ba, don ya karɓo gashin karen maƙwabta ya tusa a tsohon mazubin gyaɗar tsuntsaye ya rataye mata, ta yi ta jida tana ɗorawa. Ranar da sheƙa ta kammala, abin da ke talabijin koren kunu ne, wani shuɗin gajimare na shiga yana fita.

Tana tsaye a falo da tsumma a hannu abin ya faɗo mata. Ƙasan akwatin ta saita. Sheƙar kuwa ta taso sama da ƙasan da faɗin tafin hannu, ta zo dab da idon kyamara.

"Kaka. Ka san haka za a yi?"

"Ba a katako suke ƙwai ba, Malama. Da kin ɗora jaridar a kan gwangwanin kifi."

"Ka sani tun a tebur."

"Na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kin ce in bar ki ki gama abu ɗaya a rayuwarki."

Ta ji kamar ta cusa tsumman a baki ta yi ihu. Sati uku tana karanta maganar mutanen da ba ta sani ba, ga wanda ya san amsar zaune a gabanta yana tsotsar biskit. Ta ce bari ta kira uwarta ta hau ta murza idon. Nan fuskarsa ta sauya.

"Minti nawa kika yi kina murzawa a tebur?"

"Ashirin."

"Numfashi goma ake yi a buɗe. Minti ashirin, ta bar sheƙar ke nan har abada. Doka ma ta hana taɓa su, amma ni ba don doka ba. Ba mai taɓa murfin nan don gyaran na'ura."

Daga nan ya yi shiru. Ya kan zauna gaban koren kunun yana sauraren ƙwas-ƙwas ɗin da ke fitowa. Ya kan fita ya tsaya a ƙarƙashin akwatin, hannu a aljihu, kai a sama, har wuyansa ya gaji. Afrilu ya yi nisa, layi na talatin da tara bai hau ƙofa ba. Bryony ta koma duba kwaɗo, safe da yamma.

Ranar Alhamis aka kira ta ganawar neman aiki a Leeds. Ta girgiza kwaɗon kafin ta fita, yana nan daram. A jirgin ƙasa ta buga masa waya sau biyu. A wurin ganawar aka tambaye ta inda take hangen kanta nan da shekara biyar, ita kuwa takalmi ɗaya a cire take gani. Ƙarfe ɗaya na rana ta dawo, ta zarce bayan gida. Tsani na nan, sarƙa na nan. Ta sauke numfashi. Sai ta ji fito daga kicin. Kakanta na gasa mata burodi da cuku yana fito, mutumin da ya yi sati biyu bai gama jimla ba.

Ta juya ta buɗe ɗakin ajiya. A ƙasan jerin, da sabon fensir, ga shekarar bana, ga tara a gabanta.

"A talabijin na ƙirga," ya ce, bai juyo ba. "Ta gama. Tara ne bana."

"A cikin kunun nan?"

"Ido ne, Malama. Ba a digiri ake samunsa ba."

Ta shiga falo, ta ɗauki abin dannawa, ta mayar da hoton safiyar baya. Kore, kore, shuɗi ya fita. Ƙarfe goma da kwata haske ya fashe a talabijin. Murfin ne aka ɗaga, kyamarar da ke jikinsa ta juyo waje. Sararin sama ya wuce, bututun rufi ya wuce, sai ga fuskar Clifford Holroyd ta cika talabijin. Ta tsaya daidai nisan da guntun jarida ya tsaya a watan Fabrairu. Gashin hancinsa ɗaya-ɗaya, tabon shayi a leɓe, leɓɓan na motsi suna ƙirga. Tunda aka saye ta, kyamarar nan ba ta taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba.

Yana tsaye a bakin ƙofa da faranti. Ya daɗe yana kallon kansa.

"Ashe ina bukatar aski," ya ce.

Ya kai ta bayan gida ya nuna mata. Tsanin hawa biyu ne, ɗaya na zamewa a cikin ɗaya. Sarƙar Lorraine ta ƙasan kawai ta zagaya. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga wata ƙugiya, na saman ya zaro sumul.

"Uwarki a gindin tsanin nan ta girma, amma ɗaurin kanti ta yi."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun tana ɗaurewa. Wata shida ban taɓa shi ba. Wannan ba wanda zai yaba min."

"Yabo kake so?" in ji ta. "Ba kowa a gidan, Kaka. Wancan karon ina sama ka yi minti arba'in. Yau da ka yi awa uku. Ni ce zan buɗe ƙofar nan in gani, ba Mama ba, ba tsuntsuwarka ba. Kai faɗuwa ɗaya ka yi. Ni kullum sai na sake tsintar ka."

Ya mayar da tsanin a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara.

"Mataki bakwai na hau, bakwai na sauko. Babu buta." Ya goge hannu a wando. "Za ki gaya mata?"

"Ban sani ba."

"Idan za ki gaya mata, ki bari su ƙyanƙyashe tukuna."

Kwana uku ta yi da maganar a ƙirji. Idan ta faɗa, hawa na biyu a bayan tashar mota, tagar da wani ke wanke masa. Idan ta yi shiru, akwai ƙirgar 'ya'ya a watan Mayu, kuma ta san zai hau. Sau huɗu ta ɗora yatsa a kan wurin goge hoton, sau huɗu ta ɗauke.

Ranar Lahadi Lorraine ta zo cin rana. An yi gasasshiyar kaza da dankali. Ta ce a nuna mata tsuntsayen da aka dame ta da labarinsu. Bryony ta kunna, ta tabbatar hoton yanzu ne, ba na Alhamis ba.

"Mene ne wannan? Miyar alayyahu?"

"Sheƙa ce, Mama. Saitin ne ya kuskure."

"Sati uku kina bincike, ki saya mana hazo. Digirin ke nan?"

Da a nan aka tsaya da Bryony ta gode. Sai Lorraine ta tashi ɗauko dashen tumatir da uban ya yi mata alkawari, dashen kuwa yana ɗakin ajiya. Ta dawo babu tumatir. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi uban, ta dubi 'yar.

"Wa ya ƙirga?"

Clifford ya mai da hankali ga ƙashin kaza. Bryony ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Ni ce."

"Ke? Da wane tsani?"

Suka fita su uku. Bryony ta ɗaga ƙugiyar, na saman ya zaro. Wuyan Lorraine ya yi ja har kunne, don ta gane ɗaurin waye. Amma ba ta sauka daga maganarta ba.

"Ke da ba ki iya canza ƙwan fitila. To, hau in gani."

"Ba yanzu ba," in ji Clifford. "Tana ciki. Sai ta fita."

Minti ashirin da biyar suka yi a tsaye a tsakar gida, kaza na sanyi a tebur. Bryony na roƙo a ranta kada tsuntsuwar ta fito har duhu ya yi. Sai ga shuɗin kai a bakin rami, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta yi fir ta haye itacen maƙwabta.

Clifford ya kafa tsanin, ya ja gindinsa baya kaɗan, ya taka mataki na ƙasa da gefen takalmi don ya danne shi. Lorraine ta buɗe baki.

"Dannewa nake yi, ba hawa ba. Zo, Malama. Kar ki kalli ƙasa, kar ki kalli sama, kalli bango. Mataki za ki riƙe, ba gefe ba. Cibiyarki kar ta fita daga tsakanin ƙarfen nan biyu. Ina riƙe da ke."

A mataki na uku ta kasa yin gaba. Daga nan ne kakanta ya faɗo. Ta tsaya, goshinta a jikin mataki mai sanyi.

"Uku ba komai ba ne," ya ce daga ƙasa, a hankali. "Butar ce ta yi laifi. Ɗaga ƙafar hagu."

Ta ɗaga. Huɗu, biyar, shida, bakwai. Ta saki hannu ɗaya, ta tura murfin. A cikin wani ɗan kwarmi na gashin kare ga su nan a jere, farare da ɗigo-ɗigon ja, kowanne bai kai farcen ɗan yatsanta ba. Wata biyu tana kallon akwatin nan ta gilashi, ba ta san haka suke ba. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta rufe a numfashi na tara. Yadda ta sauko ba za ta iya tunawa ba. Ta tsinci kanta zaune a kan duwatsu.

"To?" in ji Lorraine.

"Sha ɗaya."

"Sha ɗaya?" Clifford ya saki tsanin. "Haba, Malama, sake lissafi. Tara ne. Ranar Alhamis da yatsana na bi su ɗaya bayan..."

Ya tsaya. Wata mota ta wuce a titi. Bryony ta rufe fuskarta da tafin hannu. Ta yi wa uwarta ƙarya, ta hau mataki bakwai da ranta a hannu, tsohon nan bai iya riƙe bakinsa na minti ɗaya ba saboda ƙwai biyu.

"Juma'a, Asabar," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ashe ba ta gama ba."

Lorraine ta ciro waya daga aljihu. Ta daɗe tana kallonta. Ta dubi sarƙar da ta ɗaura a banza, ta dubi 'yarta da ke zaune a daidai inda uban ya kwanta a Oktoba. Da ta yi magana, muryarta ba ta da ƙarfi.

"Ba zan sake ɗaure komai ba, Baba, tunda ban iya ba. Yau ɗaya zai bar gidan nan. Ko tsani, ko kai. Zaɓi."

"Sunana ne a jiki."

"A takardar can ma sunanka ne."

Ya dubi akwatin. Tsuntsuwar ta dawo, ta sauka a bakin rami, ta shige abinta. Ya sunkuya ya haɗa tsanin biyu, ya kama gaba, ya yi wa Lorraine alama ta kama baya. A kan rufin motarta suka ɗora shi. Ta fara ɗaurewa, ya ture hannunta.

"Matsa. Haka za ki zubar da shi a kan gada ki kashe wani."

Ya ɗaure da kansa, ƙulli huɗu, ya girgiza kowanne. Ya shafa jan fentin da babban yatsa sau ɗaya, ya mayar da hannu aljihu. Lorraine ta ce za ta riƙa zuwa da tsanin ranar Lahadi idan akwai ƙirga, Bryony ta hau, shi ya danne, ita ta koma da abinta. Sunansa kuma yana nan a jerin, ba ta cire ba. Ba wanda ya tambayi Bryony ko ta yarda.

Bayan motar ta tafi ta same shi a ɗakin ajiya. Ya goge taran da yawu, ya rubuta sha ɗaya. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙara wata 'yar alamar tambaya a gefe.

"Kaka, sau biyu na ƙirga."

"Sabon hannu ne. Ba laifi ba ne."

'Ya'ya tara suka tashi a farkon Yuni. Ba a ga ko ɗaya a talabijin ba, sai ƙara da wani hazo mai bakuna. Hoton Alhamis ɗin yana nan, Bryony ba ta goge ba, shi kaɗai ne abin kirki da kyamarar ta ɗauka a shekarar. Gwangwanin kifi kuma tun yanzu Clifford ya wanke shi ya ajiye a kan tagar kicin, yana jiran Oktoba. Kullum ta zo wanke kofi sai ta gan shi, kuma ya hana a matsar da shi ko da yatsa ɗaya.